Kangon da Na Hana a Taɓa

Ni mutum ne mai son a fara magana daga farkonta. Saboda haka kafin in zo kan ruwan da ya ci gidana, da neman diyyar da na yi a wajen gwamnati, sai na fara faɗin yadda gidan yake da abin da nake yi a cikinsa.

A tsakiyar shekarun 1950 ina zaune a wani ƙaramin gari kudu da Ƙafin Maiyaki, an ɗan ratse daga hanyar Tudun Wada. Gidana ne na ƙarshe a gangare, daga shi sai fadama. Sana'ata mazarƙwaila. Ina da gonar rake a fadamar, ina da injin ƙarfe na matse raken, ina da wani jan doki mai haƙuri da ke jan injin. A bayan gida akwai rumfa, a ƙarƙashinta murhu dogo mai ɗauke da manyan tukwanen ƙarfe masu faɗin baki. A cikin gida kuma, ban da ɗakunan kwana da rumbu, akwai ɗakin ajiya wanda ni kaɗai ke shiga.

Aikin yana da tsari, shi ya sa na so shi. A yanko rake, a share ganyensa, a tura shi bakin inji, doki yana zagayawa, ruwan yana gangarowa cikin garwa. A tace, a zuba a tukunya, a hura wuta da busasshiyar tuƙar raken jiya. A yi ta kwashe kumfa har ruwan ya yi kauri ya koma ja, sannan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Ba a tsallake ko ɗaya. Idan aiki ya kankama da rani, tururi mai ƙanshi yakan lulluɓe rumfar, mutum ya riƙa ganin na kusa da shi kamar daga nesa, ba abin da ake ji sai takun dokin nan da kukan ƙarfe. Sau da yawa ina tsaye da ludayi a hannu sai in farga la'asar ta yi, ban san inda yinin ya bi ba.

Ban cika sayarwa da rani ba, don lokacin kowa na da ita. Nakan jera ta a ɗakin ajiya bisa katako, in rufe da tabarmi, sai damina ta yi nisa ta yi wuya a kasuwa. A sannan fatake masu kai kaya wajen ma'aikatan kuza a duwatsun Doguwa suke zuwa su kwasa. Da abin da suka ba ni nake sallamar masu yankan rake, in gyara tukwane, in sake hura wuta idan rani ya zagayo. Wato duk jarina a ɗaki guda yake kwance.

A ranin shekarar da abin ya faru gwamnati ta turo masu aikin hanya, domin a ɗaga hanyar mota ta daina yankewa da damina. Suka tara ƙasa suka yi dogon tudu da ya gitta kwarin da ke saman garinmu. Da can ruwan sama in ya taho daga gonaki bazuwa yake yi, ya bi nan ya bi can, ya isa fadama a gajiye. Yanzu aka tare shi aka bar masa ƙofa ɗaya, kwalbati, bakinta kuwa gidana yake kallo. Ban kawo komai a raina ba. Leburorin ma abokan cinikina ne, kullum suna zuwa su sayi ɓallin mazarƙwaila su ci da gyaɗa.

Ruwan ya zo lokacin da gero ke fitar da kai, bayan azahar. Ba wani ruwa ba ne da ya fi na sauran shekaru. Ina zaure sai na ji wani gunji daga sama, na leƙa, na ga jan ruwa yana fitowa daga bakin kwalbatin a dunƙule, ya miƙo ta cikin gonar maƙwabcina kamar an nuna masa ƙofata. Na fitar da maiɗakina da yara, na kwance dokin, muka hau tudu. Daga can muka tsaya muna kallo.

Katanga ce ta fara tafiya. Sai rumbu, ya ɗan juya a inda yake kamar mai neman wani, sannan ya kife. Ɗakin ajiya shi ne ya fi daɗewa. Ya jure, ya jure, daga baya ya durƙusa a hankali kamar raƙumi, bango ɗaya kawai ya rage a tsaye. Ruwan da ke fita ta ƙarƙashinsa ya sauya launi, ya yi duhu kamar shayi. Na san abin da nake gani, amma raina bai tashi ba a lokacin. Na ga kamar gidan wani ne, ni kuma baƙo ne da hanya ta biyo da shi.

Washegari ƙudan zuma suka zo. Ban san a ƙasarmu akwai zuma mai yawan haka ba. Suka rufe kangon, suka rufe kududdufan da ruwan ya bari har cikin fadama, gari ya ɗauki wani amo da ba ya yankewa. Awaki suna lasar ƙasa. Matan da ke wanki a ƙasan rafi suka ce zannuwansu suna manne musu a hannu. Mazarƙwailar shekara guda ta narke, ba a tsinci ko ɓalli ɗaya ba. Tukwanen ƙarfe kuwa an samo su can gaba, sun lanƙwashe sun huje. Ɗakunan kwana sun faɗi a kan tasoshin maiɗakina, rabin rakena yashi ya binne shi. Injin ne ya tsira, don a kafe yake, sai dokin.

Abu ɗaya ya rage mai nuna abin da aka yi. A jikin bangon nan da bai faɗi ba akwai wani layi mai duhu, daidai ƙirjin mutum, inda ruwan zaƙi ya tsaya kafin ya janye. Yana ƙyalli in rana ta haska shi.

Mutane suka yi ta zuwa jaje. Da dagacin garinmu ya zo, ya zagaya, ya hau har bakin kwalbatin ya dawo, sai ya kira ni gefe.

"Wannan aikin gwamnati ne ya jawo shi, akwai diyya," in ji shi. "Zan kai maganar gaban hakimi. Amma ka ji da kyau. Za su turo mai duba ɓarna, kuma abin da idonsa ya gani shi ake biya. Kada ka taɓa komai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko tsinke ba za a ɗaga ba."

Na tara mutanen gidana na faɗa musu haka, na faɗa wa maƙwabta. Maiɗakina da yara suka koma gidan mahaifinta a cikin gari. Ni ba zan kwana gidan surukai ba, sai na ɗauki tabarmata na koma zauren taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda tun muna yara bakinsa bai taɓa barina na huta ba. Lissafina a fili yake. Idan diyya ta fito kafin rake ya nuna, zan sayi tukwane, in kira masu yanka, in hura wuta. Idan ba ta fito ba, sana'ar ta tsaya.

Na bi dagaci zuwa Kiru, garin hakimi. Muka faɗi muka yi gaisuwa, aka saurare mu, malamin hakimi ya rubuta. Ni ma na iya karatun boko daidai gwargwado, a ajin yaƙi da jahilci na koya, don haka na roƙa ya karanta mini, na gyara masa inda ya sa rumbu kafin katanga. Aka ce magana za ta tafi Kano, mai dubawa zai zo in ruwa ya ɗauke.

Daga nan rayuwata ta koma gadin kango. Kowace safiya in na idar da salla sai in gangara in zagaya shi. In akuya ta ture wata azara, in mayar da ita yadda ruwa ya ajiye ta. Wata tsohuwa ta zo ɗaukar fasasshen tulu za ta yi wa kaji mazubin ruwa, na karɓe na mayar. Kabewa ta tsiro a tsakar ɗakin kwananmu, ta hau tarin ƙasa ta yi fure, na rasa ko in cire ta ko in bar ta, daga baya na bar ta don ba ni na shuka ba. Nakan zauna a inuwar bangon nan in yi ta kallon layin, har in ji kamar ƙanshin rumfa na dawowa.

A zaune a wurin na shirya yadda zan karɓi mai dubawa. Ban san kamarsa ba, amma na ƙera shi a raina: dogo, mai natsuwa, ba ya katse mutum. Zan fara kai shi bakin kwalbati. Daga nan mu biyo sawun ruwa zuwa katanga, sai rumbu, sai ɗakunan kwana, sai murhu da tukwane, sai fadama. Bangon zan bari a ƙarshe. Zai tsaya a gabansa, ya sa yatsa ya taɓa layin, ya ɗanɗana, ya dube ni ya gyaɗa kai. Na maimaita wannan zagaye a zuci har na san inda zai yi tambaya da abin da zan amsa.

Taubashina in ya ga na dawo sai ya ce, "Sarkin kango, ya mutanen gidan? Ƙadangaru sun tashi lafiya?"

"Sun fi ka aikin yi."

"Wallahi ka fi kula da gidan nan yanzu da ya faɗi. Da yana tsaye ban taɓa ganin ka zauna ka kalle shi ba."

Wanda abin bai ba dariya ba shi ne surukina. Dattijo ne mai faɗa a ji, manomi, ba ya son magana biyu. A wajenmu matar aure in ta daɗe a gidan ubanta, ko me ya kawo ta, sai an fara tambaya. Mata in sun shigo sukan ce, "Har yanzu kina nan?" Wasu daga ƙauyuka da ba su san zancen ruwa ba har sun fara cewa yaji ta yi. Ran nan na je gaishe shi, na durƙusa daga nesa, sai ya ce:

"Malam, yaushe za a tayar da gidan nan?"

"Baba, sai mai dubawa ya zo ya gani."

"Ya ga me? Gari guda ya ga ruwan nan. Ni na gani, liman ya gani, dagaci ya gani. Ko a gaban alƙali shaidu ake nema, ba a cewa a ɗauko kango a kawo."

"Baba, tsarin gwamnati daban ne."

"Gwamnatin ba mutane ba ne?"

Na sunkuyar da kai. Ba a jayayya da suruki.

Ruwa ya ɗauke, aka yi girbi, mai dubawa bai zo ba. Lokacin gini ya kama, ko'ina ana kwaɓa ƙasa. A bayan gidan surukina na ga an fara buga tubali da yawa ana shanyawa. Na tambayi maiɗakina, ta ce ita dai ta ji ana zancen sabon zaure. Har na tsaya na nuna wa masu aikin su riƙa jera tubalin layi-layi da tazara, don iska ta ratsa ya bushe da wuri. Suka yi ta godiya suna kallon juna.

Rake ya fara nuna. Na ga in na ci gaba da zama lokaci zai wuce ni, sai na shirya tafiya Kano in bi sawun maganar da kaina. Na bi ta Bebeji na kwana wajen wani abokin ciniki, da safe na sami babbar mota.

Abin da na fi tunawa a Kano wata doguwar baranda ce mai sanyi, da benci a jikin bango. Mu da yawa ne a kai, kowa da abin da aikin hanya ko na gada ya ci masa: wani gona, wani itatuwan ɗorawa, wani rijiya. Mukan zo da safe mu zauna. Ta taga ina hango fanka tana juyawa a saman ofis, takardu suna ɗaga kai suna kwantawa. Masinja ya wuce, ya dawo, ya ce a dawo gobe. Tun ina ƙirga kwanaki har na bari. Wani lokaci barci ya ɗan ɗauke ni a zaune, in ga kangona ya biyo ni ya zauna a gefen benci yana jira tare da ni. Ban yi fushi da kowa ba, ba wanda ya wulaƙanta ni. Abin dai ba ya sauri ne. A ƙarshe wani akawu ya kira ni ya ce an sa garinmu a cikin zagayen mai dubawa, in koma gida, yana tafe bayan kasuwar Ƙafin Maiyaki mai zuwa.

Na sauka a bakin hanya da hantsi, na gangara ta gefen kwalbati don in fara duba kangon kafin in shiga gari. Sai ban gan shi ba. A inda na bar shi akwai wani gida, katangarsa ja, sabon jinka yana ƙyalli, hayaƙi yana tashi daga ciki. Na tsaya. Na ɗauka na ɓata hanya, na waiwaya na ga kwalbati tana nan, fadama tana nan. Na matsa kusa sai na ji muryar maiɗakina tana yi wa yara faɗa a kan tsintsiya.

Surukina yana zaune a ƙofar zaure a kan buzu, da wasu dattawa. Fuskarsa kamar ranar salla.

Na cire takalmi na durƙusa. "Baba, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ya hanya? Shiga ka ga gidanka."

Ashe ina bayar da baya ya kira gayya. Tubalin nan da na nuna yadda za a jera, nawa ne. Gari ya fito, maza suna gini, mata suna ɗebo ruwa, shi ya yanka akuya ya ciyar da su. Sun tayar da katanga da ɗakuna da rumbu. Sun kwashe yashin tsakar gida. Sun kafa rumfa, sun gina sabon murhu. Lanƙwasassun tukwanen an ba maƙeri ya yi fartanya da su. Na wuce ɗakin ajiya kai tsaye. Bangon nan yana nan, sun haɗa shi da sababbi uku, sun yaɓe shi ciki da waje, sumul.

Maiɗakina ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Na faɗa masa ka hana. Ya ce shi ba gidanka yake ginawa ba, ɗakin 'yarsa yake ginawa."

"Layin fa? Ba wanda ya ce a bar layin?"

"Wane layi, Malam?"

Na fito na koma gaban dattawa na durƙusa na yi godiya. Da la'asar na bi gari gida-gida ina yi wa mutane sannu da aiki, don haka ake yi. Kowa ya ce ba komai, Allah ya tsare gaba.

Taubashina ya raka ni muka dawo. Ranar bai yi dariya ba sai da muka iso bayan gida. Ya dafa katanga ya ce, "Ka ga ƙasar ba ta gama bushewa ba. Ni da kai da taɓarya biyu, kafin mutumin nan ya zo mun mayar maka da kangonka. In an tambaya mu ce iska ce."

"Wace iska ce za ta zaɓi gidana?"

"Wadda ta zaɓe shi da farko mana."

Na dubi katangar. Da hannu aka yi yaɓen, sawun yatsu yana nan ko'ina, manya da ƙanana, wasu sun shafa dama wasu hagu. Na gane na liman, don yatsansa ɗaya a lanƙwashe yake. Na daɗe ina bin su da ido. Na ce masa a'a. In na rushe abin da gari ya gina mini, ko an biya ni, ba ni da fuskar da zan zauna da ita a garin. Kuma kangon da zan nuna ba na ruwa ba ne, nawa ne.

"To Allah ya ba ka haƙuri, sarkin sabon gida," in ji shi.

Mai dubawa ya zo a kan keke. Ba dogo ba ne. Wani siriri ne mai tari, ƙafafun wandonsa a ɗaure da igiya, ga alamar ya gaji da zagaye. Amma yana da ladabi, kuma ba ya katse mutum. Surukina ya riga ya tara shaidunsa, dattawa sun sha manyan riguna sun jeru a ƙofar gida.

Na bi tsarin da na shirya, don ban san wani ba. Na kai shi bakin kwalbati. Muka biyo inda ruwa ya bi, wanda yanzu karan dawa ne a tsaye. Na nuna masa katanga na ce nan ta faɗi. Na nuna rumbu na ce nan ya kife. Ina magana ina jin muryata kamar ta mai ba da labarin mafarki, shi kuma yana kallon sabon jinka. Dattawa suna biye da mu, kowa na son a san hannunsa.

"Wannan kusurwar ni na tayar da ita, malam, taɓa ka ji."

"Azarar nan daga gonata aka saro."

Da muka shiga ɗakin ajiya na tsaya gaban bangon, na sa hannu daidai ƙirjina na ce ruwan nan ya kawo. Surukina ya matso ya shafa wurin da tafin hannu ya ce, "Ka gani, malam? Ko alama ba mu bari ba. Mu nan ba ma barin namu a kango. Ga mu nan kuma, duk wanda kake so ya rantse zai rantse."

Mai dubawa ya ce, "Madalla, Baba. Allah ya saka da alheri." Ya saurari kowane dattijo har ya gama. Sannan ya ce in raka shi fadama ni kaɗai.

A can ya auna inda yashi ya binne rake, ya rubuta, don shi kam gayya ba ta iya tayar da shi ba. Ya rufe littafinsa, ya yi tari, ya ce, "Malam, na yarda da kai. Na yarda da dattawan nan. Amma ba yardata ake aikawa Kano ba, abin da na gani ake aikawa. In na rubuta gida ya rushe, wani ya biyo bayana ya tarar da gidan da ya fi na kowa kyau a garin, me zan ce?"

"Mazarƙwailar fa?"

"Ina take?"

Na dubi fadama.

Ya ce zai rubuta a juya bakin kwalbatin, kuma an juya kafin damina. Diyyar raken da yashi ya binne ita ma ta fito, amma sai bayan shekara ta zagayo, kuma ba ta kai ta sayi tukunya ɗaya ba. Wannan duk daga baya ne. A ranar dai na san inda maganar ta tsaya: ga sabon murhu ba tukwane, ga sauran rake ya nuna yana jiran wuƙa, ba ni da abin kiran masu yanka. Akwai wani mai mazarƙwaila a Ƙafin Maiyaki da ya daɗe yana son injina da dokina. Tun a fadamar na yanke shawara zan aika masa ya zo ya ɗauka, ya haɗa da raken a tsaye.

Na raka mai dubawa har bakin hanya, ya hau kekensa ya nufi Tudun Wada. Da na dawo dattawa sun watse, saura surukina a ƙofar zaure yana naɗe buzunsa. Ya dube ni, yana murmushin wanda ya gama aikinsa.

"Ka ga yadda ya saurare mu? Na faɗa maka mutane ne. An dace ko?"

Ta cikin zaure ina hango 'yarsa tana shanya tsaba a tsakar gidanta.

Na durƙusa na ce, "An dace, Baba."

Ya sa mini albarka ya tafi. Na zaga baya na ba dokin ruwa da dusa, na goge masa jiki sosai, don kada mai saye ya ce ba a kula da shi. Sannan na ɗauko sifana na fara kwance injin, ina ajiye kowane ƙarfe kusa da ɗan'uwansa.